Ka Haye, Isiya?

Tambaya ɗaya ce ta rage a bakin Surajo, kuma ita yake yi wa ƙanensa duk ranar Lahadi.

Ƙanen, Isiyaku, yakan zauna a kujerar bakin taga a gidansa na McLeansville, a Amurka, da ƙarfe takwas na safe, raɓa ta daskare fari fat a kan ciyawar maƙwabta. A can Tungar Bawa, arewa da Yawuri, azahar ta yi. Bebi, 'yar Surajo ta fari, ita ke ɗaga waya. Su gaisa, ta ba shi labarin jikin tsohon a gurguje, sannan ta kai wayar kunnen mahaifinta. Sai a ji numfashi, a ji kukan akuya daga nesa, sannan muryar nan da a da take tsallake kogi ta taso masunta daga barci, yanzu ta koma kamar ana murza busasshen ganye.

"Wane ne?"

"Ni ne, Yaya. Isiya."

"Isiya. Ka haye?"

"Tukuna, Yaya."

"To, ba komai. Ruwan yana nan."

Surajo ya girme shi da shekara tara. Shekara biyu ke nan da mantuwa ta shiga masa, tana ɗibar abubuwa kaɗan-kaɗan kamar ɓera a rumbu. Ta fara da inda ya ajiye hula, ta koma kan sunayen jikoki, ta zo ta ɗauke rasuwar matarsa, har yakan tambayi abin da ya riƙe ta a kasuwa. Amurka ma ta ɓace masa. A wurin Surajo ƙanensa bai taɓa hawa jirgin sama ba, bai yi furfura ba. Yana nan ɗan shekara goma sha uku a bakin kogin Kwara, wando ɗaure da igiya, yana hangen tsibiri.

A tungarsu yaro ba ya shiga jirgin manya ya riƙe taru sai ya haye zuwa tsibirin da ke tsakiyar kogi da hannunsa da ƙafarsa. Ranar da Isiyaku ya gwada, ya kai rabi, ruwa ya shiga masa hanci, ya ɗaga kai ya ga tsibirin bai matso ba, gaɓa kuma ta yi nisa. Abin da ya iya tunawa bayan nan shi ne hannun Surajo a hammatarsa, da katakon jirgi yana goge masa ƙirji. Da suka koma gida babansu ya ce wannan ba na ruwa ba ne, a kai shi boko. Ya shiga aji ɗaya gwiwoyinsa ba sa shiga ƙarƙashin benci, yara suna kiransa Baban Aji. Boko ta kai shi Yelwa, ta kai shi Sakkwato, ta tsallaka da shi teku. Yau shekararsa hamsin da huɗu, yana aikin wanke kayan tiyata da gasa su a wani asibiti a Greensboro. Shekara goma sha bakwai rabonsa da gida, don lauyansa ya ce idan ya fita kafin takardunsa su kammala, ƙofar ba za ta sake buɗe masa ba. Teku dai ya haye shi, a zaune, ɗaure da bel. Wancan ɗan ruwan ne ya gagara.

Abdoul-Aziz ne ya jawo shi cikin harkar gasar motsa jiki. Abokin aikinsa ne, mutumin Gaya ta Nijar, siriri kamar gora, wanda ya yi shekara shida yana shiga gasar nan mai hawa uku: a yi iyo a tafki, a fito a haye keke, a sauka a kama gudu, duk a jere babu zama. Likita ya ce wa Isiyaku sukarinsa ya fara hawa, Abdoul-Aziz ya sa shi gaba da naci, shi kuwa yana ta zillewa, har ranar da ya ji tsawon iyon. Mita ɗari bakwai da hamsin. Da ya koma gida ya buɗe taswira a waya, ya nemo tungarsu, ya ja layi da yatsa daga mashaya zuwa bakin tsibiri. Ɗari bakwai da arba'in da 'yan kai. Ya daɗe yana kallon lambar. Washegari ya rubuta sunansa a gasar watan Mayu.

"Ikon Allah," in ji matarsa Rahina. "Kowa addu'a yake kada ya shiga uku, kai da ƙafarka ka je ka rubuta suna."

Biyu daga cikin ukun ba su ba shi wuya ba. Da sanyi ya kankama a Disamba, ya ɗaure keken a kan wani ƙarfe a gareji, ƙafar baya tana juyawa a wuri ɗaya. Yakan yi awa guda yana tuƙi yana kallon injin wanki, gumi na ɗiga a kan tsohon buhun shinkafa da ya shimfiɗa. Rahina takan leƙo da kofin shayi ta ce, "Direba, an kai ina? In ka bi ta Birnin Kebbi ka gaishe min da su Inna." Gudu kuwa bayan asuba yake fita, hula har kunne, safa biyu a kowace ƙafa, ya bi gefen titi tsakanin gonakin da aka girbe, numfashinsa na tashi kamar hayaƙin murhu. Wani lokaci barewa takan tsaya ta dube shi, ta ga ba abin tsoro ba ne, ta sunkuya ta ci gaba da kiwonta. Ƙafafun da suka yi shekaru suna taka mil biyar zuwa makaranta ba su manta aikinsu ba.

Ruwan ne matsalar.

Sau uku a mako ƙungiyarsu take haɗuwa a wani kwamin iyo na cikin gini, mai ɗumi da warin maganin ruwa. Kocinsu Hephzibah ce, baƙar Ba'amurkiya mai shekara sittin da 'yan kai, mai gajeren farin gashi da usur a wuya. Ita ta yi masa lissafi: kwamin yadi ashirin da biyar ne, don haka sai ya yi tsawonsa sau talatin da uku kafin ya cika abin da ake nema. Isiyaku ya ji daɗin lambar. Ya ce a ransa, ai tasbihi ɗaya ne.

Amma bai taɓa wuce goma sha ɗaya ba.

Ƙa'idar wurin ita ce mutum huɗu ko biyar su raba layi ɗaya, kowa ya riƙe damansa kamar mota a titi. Baƙin zanen da ke ƙasan ruwa yana hagunka, igiyar da ta raba layuka tana damanka. Igiyar nan an jera mata faya-fayan roba masu tauri. Isiyaku zai taso daidai, hannu huɗu, hannu biyar, sai ƙarau, yatsunsa sun daki roba. Ya gyara, ya miƙe, ƙarau. Kowane karo yana rikita masa numfashi, har ya buɗe baki a inda bai kamata ba, ruwa ya shiga. Da zarar ya shiga kuwa, sai fitilu su ɓace, bango ya ɓace, ya tsinci kansa a tsakiyar Kwara, tsibiri bai matso ba. Sai ya rungume igiyar yana tari, na bayansa su kewaye shi suna tambaya ko lafiya.

Babu abin da Hephzibah ba ta gwada ba. Ta ce kafaɗarsa ta hagu ce ba ta da ƙarfi, ta ba shi roba ya riƙa ja a gida. Ta sa shi iyo da hannu ɗaya. Ta ɗauke shi hoto a waya suka kalla tare. Daga ƙarshe ta riƙe ƙugu ta ce shekararta talatin tana koyar da iyo, ta ga masu karkata iri-iri, amma ba ta taɓa ganin mai karkata da niyya irin haka ba, kamar akwai mai kiransa daga dama.

Wata Asabar da hantsi Rahina tana shafa masa man kaɗanya a bayan yatsu, inda robar ta yi masa sahu, ta ce ba tare da ta ɗago ba, "Baban Suhaila," don da sunan 'yarsu take kiransa, "gobe ka ce wa Yaya ka haye mana."

Ta ci gaba da shafawa tana magana.

"Me zai ragu? Kafin la'asar ya manta. Ka faranta wa tsoho rai, Allah ya san niyyarka."

"Shi ya tsamo ni, Rahina."

"To?"

"Shi kaɗai ya rage a duniya wanda ya ga abin da idonsa. Komai ya zube masa, wannan ne bai zube ba. Shi kuma zan je in sa wa ƙarya?"

Ta rufe kwalbar man. "Taurin kan masunta," ta ce. "Miƙo ɗayan hannun."

Lahadin ƙarshen Janairu, Bebi ba ta kai wayar kunnen tsohon da wuri ba. Ya ji ta matsa gefe, ta rage murya.

"Baffa, jiya bai gane ni ba. Na kawo masa kunu, ya karɓa ya yi min godiya, ya ce in na fita in kira masa Bebi."

Da ta ba shi wayar, Isiyaku ya faɗi sunansa sau biyu. Surajo ya ce, "Wane Isiya?" Aka yi shiru mai tsawo, har Isiyaku ya duba ko layin ya yanke. Can dai, kamar wanda ya laluba aljihu ya taɓo wani abu a ƙasa, muryar ta ce, "Ka haye?"

"Tukuna, Yaya."

Ya ajiye wayar ya ci gaba da zama. Mayu ta yi nisa. Ya san ɓeran ya kusa kaiwa ƙasan rumbu.

A makon ne Abdoul-Aziz ya zame a kan ƙanƙara a bakin ƙofar gidansa ya gurɗe ƙafa. Kullum shi a layin gwanaye yake, kansa a cikin ruwa, bai taɓa tsayawa ya kalli iyon abokinsa ba. Ranar Alhamis, don kada zaman gida ya kashe shi, ya zo da sandarsa ya hau bencin 'yan kallo na sama. Isiyaku yana rungume da igiya a tsawo na tara yana tari, sai ya ji dariya ta cika ginin.

"Ɗan Najeriya! Fito, fito, zo nan!"

Isiyaku ya fito yana ɗigar ruwa, ya tura tabarau na iyo goshi. "Mushe, me ya yi daɗi haka?" Da Mushe yake kiransa, yadda mutanen Nijar ke faɗin malam da Faransanci, don ya san a Najeriya sunan dabbar da ta mutu ba yanka ne, kuma shekara huɗu abin bai daina ba shi dariya ba.

"Mushen nan yau shi zai warkar da kai. Tsaya in tambaye ka. Garinku, in ka tsaya bakin ruwa kana kallon ƙetare, ta wane hannu ruwa ke zuwa?"

"Ta dama."

"Voilà. Mu ma Gaya haka. To in za ka ƙetare, mi kake sa ma ido? Wurin da za ka?"

Isiyaku ya buɗe baki zai ce e, sai maganar ta tsaya. Wani abu ya taso masa daga can ƙasa, da muryar da ba tasa ba, murya mai ƙarfi ta saurayi ɗan ashirin da biyu tsaye a jirgi da filafili a hannu.

"Ba a nufin tsibiri," ya ce a hankali. "Wanda ya nufi tsibiri, a Yelwa za a tsince shi. Akwai wata giginya a wancan ƙetaren, can sama, hannun dama. Ita ake sa wa ido. Ruwa yana jan ka ƙasa, kai kana ja sama, sai ku haɗu a tsibiri. Yaya yakan ce, ka ba ruwa rabonsa."

"To ga ciwonka nan." Abdoul-Aziz ya buga sandarsa a benci. "Kafaɗarka lafiya lau take, mon frère. Gudun ruwa kake yankewa. Daga nan sama na gani, wallahi kamar ina kan gadar Gaya ina kallon 'yan garinmu. Shekara arba'in jikinka na neman giginya, a cikin piscine, kwamin da ko tsinke ba ya ja!"

Ya ci gaba da dariya. Isiyaku ya juya ya dubi hannun dama. Bango ne mai farin fenti, da babban agogo, da jar tayar ceto a rataye. Ya daɗe da ɗauka cewa bai fito da komai daga tungar ba sai tabon ƙugiya a babban yatsa. Ashe kogin ya biyo shi. Yana nan kwance a kafaɗarsa, ya shiga aji ɗaya tare da shi, ya hau jirgin sama tare da shi, yana jiran ranar da za a sa shi a ruwa. Ya zauna a bakin kwamin, ƙafafunsa a ciki, har Abdoul-Aziz ya lura ya daina dariya.

Da suka yi wa Hephzibah bayani da Turanci, ta saurara har ƙarshe tana juya usur a yatsa. Ta ce yanzu da ta san tushen abin, a ba ta sati shida za ta cire masa shi tas, ya riƙa tafiya kamar an ja zare.

"Ba ni da sati shida," in ji Isiyaku. Ya gaya mata labarin Surajo a taƙaice, jimla uku ko huɗu. Abin da bai faɗa ba shi ne, da ta ce za ta cire masa shi tas, sai ya ji ba ya son a raba shi da kogin.

Ta dubi layukan, ta dubi agogo, ta ɗan karkata kai kamar mai auna yadi. Ta ce ranar Talata da ƙarfe goma, bayan tsofaffin mata sun gama motsa jikinsu, layin ƙarshe yakan zauna babu kowa na minti arba'in. Zai zama nasa shi kaɗai. Ya manta da baƙin zane, ya manta da riƙe dama. Ya taso daga kusurwar hagu, ya bar jikinsa ya yi abin da ya sani. Kafin ya kai igiya ya riga ya isa bango a kusurwar dama, idan kuma ya juyo, wannan kusurwar ta zama hagunsa, sai ya sake.

"Zancen tafkin gasa kuma," ta ce, "mu bar shi sai Maris. Yanzu dai je ka yi koginka."

Ranar Litinin aka yi ruwan sama mai daskarewa. Gari ya waye Talata kowane reshe da kowace wayar lantarki sanye da gilashi, tituna kamar an zuba mai, aka rufe makarantu, aka rufe wurin iyo. Isiyaku ya yi awa biyu a kan keken gareji. Rahina ta leƙo da shayi, ta ga fuskarsa, ta ajiye kofin a kan injin wanki ba ta tambaye shi an kai ina ba.

Lahadin da ta biyo baya ya faɗi sunansa sau uku. Ya ji numfashi, ya ji akuya, ya ji wata mata tana daka. Surajo bai tambayi komai ba.

Talata ta biyu rana ta fito, ƙanƙara tana narkewa tana ɗiga daga rufin gidaje. Isiyaku yana ɗaura takalmi sai ya ga Rahina ta fito cikin babbar rigar sanyi a kan hijabi, carbi a hannu.

"Ina zuwa?"

"Kai da lissafi a cikin ruwa? Ka je ka yi ashirin ka ce min talatin da uku? Mu je."

Abdoul-Aziz ya riga su isa, ƙafarsa a naɗe a miƙe kan benci. Tsofaffin matan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya da hulunan roba masu furanni, suna gaishe da Rahina. Ruwan ya lafa har ana ganin fitilun rufi a kwance a kansa. Isiyaku ya sauka a kusurwar hagu ta layin ƙarshe, ya yi bisimilla, ya ɗebi ruwa ya shafa a ƙeya kamar yadda ake yi a mashaya, abin da bai san yana tune da shi ba sai da hannunsa ya yi. Hephzibah ba ta busa usur ba. Ta ɗaga masa kai kawai.

Ya tura bango da ƙafa.

Hannu huɗu, hannu biyar, jikinsa ya fara jan dama, wannan karon bai hana shi ba. Baƙin zanen ya taso daga damansa, ya ratsa ƙarƙashin cikinsa a karkace, ya koma hagu. Yana jiran ƙarau, sai ya ji tafin hannunsa a kan bango. Ya juya, ya sake. Zanen ya sake ratsawa. A tsawo na biyar numfashinsa ya zauna. A na takwas ya daina ƙirga, ya bar wa Rahina. Duk sanda ya juya kai ya sha iska yakan hango ta a dishi-dishi, baƙar riga a kan benci, hannu ɗaya a ɗage kusa da ƙirji.

Bai san a na nawa ba ne, amma ya san rabi ne, don jiki ba ya ɓata irin wannan wurin. Hannuwansa suka yi nauyi, ya makara wajen juya kai, ya buɗe baki, ruwa ya shiga. Fitilu suka ɓace. Ruwan ya koma ja-ja mai laka, mai sanyi daga ƙasa, ya ji faɗinsa ta ko'ina, gaba babu kusa, baya babu kusa. Igiyar tana nan kusa da hannunsa, miƙawa kawai zai yi. Ƙirjinsa yana cewa ɗaga kai ka duba tsibiri.

Abin da ya yi ke nan yana ɗan sha uku. Ya ɗaga kai ya duba tsibiri, alhali an ce masa giginya.

Ya yi tarin a cikin ruwa, kumfa ta fita. Ya juya ya ja iska rabi, ya sake tari, ya ja wata. Bai duba gaba ba. Ya sa ransa can sama, hannun dama, inda doguwar bishiyar take tsaye ita kaɗai da kanta kamar tsintsiya, ya miƙa hannu wajenta. Ya sake miƙawa. Bango ya zo ya same shi.

Daga nan sai aiki. Kafaɗu suna zafi, ƙafar hagu tana barazanar ɗaurewa, ya rage bugu ya bar ta tana bin sa. Ya ji kamar ana buga wani abu a kan katako, daga baya ya gane sandar Abdoul-Aziz ce. Ya taɓa bango ya juya, ya taɓa ya juya, har wani juyi da ya zo yi ya ji hannu a kansa. Hephzibah ce a durƙushe. Ya kama bakin kwamin ya ɗago. Rahina tana tsaye, ta ɗaga carbin sama, babban yatsanta a kan ƙwayar da ta raba talatin da ukun farko da sauran.

"Saura alhamdulillahi da Allahu akbar," ta ce. "Amma a bar su sai wani jiƙon."

Bai tsaya busar da kai ba. A cikin mota, a filin ajiye motoci, ruwan narkewar ƙanƙara yana gudu a ƙarƙashin tayoyi, ya danna lambar Bebi. A can la'asar ta yi.

"Baffa? Lafiya? Yau Talata."

"Lafiya lau. Yana farke?"

"Yana waje a kan tabarma. Amma Baffa, tun shekaranjiya ko uffan bai ce ba. Kada ka sa rai."

"Kai masa."

Numfashi. Wani yana kiran salla daga nesa, iska tana kaɗa muryar.

"Yaya, ni ne. Isiya."

Isiyaku ya jira tambayar. Ya jira har Rahina ta juyar da fuska wajen taga. Tambayar ba ta zo ba. Sai ya gyara zama, ya ɗaga murya yadda ake yi idan ana magana da wanda ke wancan ƙetaren.

"Yaya Surajo! Na haye!"

Wani abu ya motsa a wayar, kamar an ja tabarma. Ya ji Bebi ta ce, "Baba, a hankali." Sannan muryar ta zo, ba irin ta ganyen nan ba, wata ce daga can baya, mai kauri.

"Ka taɓa da hannunka?"

"Na taɓa, Yaya."

"Giginya ka bi?"

"Ita na bi."

Sai dariya, gajeriya, ta ƙare da tari. "Ja'iri. Ai na faɗa wa Baba. Na ce a ƙara maka kwana biyu, yaron nan zai haye, gaggawa ce ta yi masa yawa." Ya numfasa. "To ka saurare ni. Kada ka taso yanzu. Ka zauna a kan yashi hannunka ya dawo. Ka ji ko?"

"Na ji."

"In za ka dawo, ba giginya ba ce, ta koma bayanka. Hagu za ka riƙe. Ka sa ido a kan tsamiyar bayan gidanmu, kada ka kalli mashaya, ko ka gan ni ina ɗaga hannu kada ka kalle ni. Tsamiya. Ruwan dawowa ya fi na tafiya ja."

"To, Yaya."

"Amma kada ka bari rana ta faɗi. Ina nan, ba inda za ni."

Aka ji wayar ta canja hannu. Bebi tana jan hanci, ta ce, "Baffa, wai sai an kai shi bakin ruwa. Ga shi yana neman takalminsa. Bari in je."

Layin ya yanke.

Rahina ta kunna mota, ta murɗa hitar ɗumama mota, ta zauna hannuwanta a kan sitiyari ba ta sa giya ba. Gilashin gaba ya yi hazo da numfashinsu, sannan ya fara washewa daga ƙasa. Isiyaku yana riƙe da wayar a cinya, ruwa yana gangarowa daga gashinsa zuwa wuyan riga. Can sai ya ɗaga hannun hagu, ya miƙa shi gaba a hankali, ya ɗan karkata shi hagu, wajen tsamiya, ya jawo shi zuwa ƙirjinsa kamar mai iyo. Hannun bai san hanyar ba. Ya mayar da shi ya sake gwadawa.